Ƙasa ta Takwas: Tarken Littafin Amos Daga Wani Zaure a Zaitawa

Unguwarmu sunan baƙo take amsawa. Dattawan Zaitawa suna danganta sunan da Shehu Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, ɗauke da addini da littattafai. Ke nan wanda ya tashi a nan bai kamata ya ji tsoron littafi don kawai daga nesa ya zo ba. Duk da haka, ranar da na shigo da Littafi Mai Tsarki na Hausa gidanmu, cikin baƙar leda na ƙunshe shi, na cusa a ƙarƙashin takardun jami'a, ina waige kamar ɗan fasa-ƙwauri.

Aronsa na yi daga wani abokin karatuna, Bahaushe Kirista daga karkarar kudancin Kano, wanda kakanninsa Maguzawa ne. An ba mu aiki a darasin fassara, sai ya ce in ina son ganin inda Hausa ta yi gumi, in duba littafin Amos. Babi tara ne kacal, ana iya karance shi tsakanin la'asar da magariba. Ni Musulmi ne, kuma abin da na yi imani da shi game da littattafan da suka gabata yana nan inda malamaina suka ajiye shi. Aikina a nan tarke ne na wani rubutu da ke cikin harshena, wanda ake karantawa a majami'u daga Wusasa har Maraɗi, kuma Kiristoci masu ra'ayin kawo gyara a faɗin duniya suka mayar da shi tuta a fagen neman adalci. Abin da na gano shi ne, ƙarfin Amos a cikin zubinsa yake, zubin nan kuwa tarko ne da aka ɗana wa mai sauraro. Da yawa daga masu ɗaga littafin a yau sun faɗa cikinsa ba su sani ba. Ni ma na faɗa, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Sai dai kafin nan, ya kamata a san hanyar da littafin ya biyo har ya sami Hausa. Tun a 1857 J.F. Schön ya buga fassarar wasu sassa na Sabon Alkawari, da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Ingila, wanda ɗaliban adabi suka sani ta hanyar *Magana Hausa*. A 1900 Bishop Tugwell da ayarinsa, cikinsu har da Likita Walter Miller, suka iso Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kuma shi ne ƙashin bayan cikakkiyar fassarar da ta fito a 1932. An sake wata a 1979, da Hausa mai sauƙi, ita ce aka ba ni aro.

Masu fassarar nan ba su tarar da fili ba kowa ba. Duk kalmar da suka miƙa hannu za su ɗauka, sai su ga tana da mai ita. Allah, annabi, zunubi, tuba, shari'a, adalci, zalunci: duk sun yi ɗaruruwan shekaru suna yawo a zaurukan karatu irin na unguwarmu kafin mishan ya san hanyar Arewa. Inda suka rasa abin ɗauka, kamar sunan mai hidimar hadaya, sai suka aro *firist*, kalmar da har yau take tsaye a cikin jimla kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba. Sakamakon wannan shi ne, Amos na Hausa da muryar mai wa'azin kasuwa yake magana. Bature mai karanta shi yana jin wata tsohuwar murya daga Gabas ta Tsakiya. Bahaushe kuwa yana jin muryar da ya saba ji bayan sallar isha'i, ta malamin da ya hau buzu ya fara da attajirai. Na tabbata Miller bai yi nufin haka ba. Harshen ne ya fi ƙarfinsa.

Shi Amos, a faɗar littafin, makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure daga Tekowa, wani ƙauye a ƙasar Yahuza. Ya tsallaka arewa zuwa masarautar Isra'ila a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da ƙasar ke cikin yalwa da nasarar yaƙi. To, a duba yadda ya buɗe bakinsa. Bai taɓa masu sauraronsa ba. Dimashƙu ya fara kamawa, ya ce ta sussuke mutanen Gileyad kamar hatsi. Ya koma Gaza da Taya, masu kwashe gari sukutum su sayar bayi. Ya bi ta kan Edom da ta kori ɗan'uwanta da takobi, da Ammon da ta farke cikin mata masu juna biyu don faɗaɗa iyaka, da Mowab da ta ƙone ƙasusuwan sarkin Edom. Kowace ƙasa da amshi iri ɗaya yake buɗe mata, na lissafin laifi uku har zuwa huɗu, ya rufe da wutar da za ta cinye fadodinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban maroƙi yana zambo ga abokan hamayyar ubangidansa ya san abin da wannan maimaici ke yi wa taro. Kai yana kaɗawa, baki yana cewa haka ne. Ta bakwai ita ce Yahuza, ƙasar mai maganar da kansa, kuma bakwai adadin cikawa ne a al'adarsu. Taron ya ɗauka an kai ƙarshe, ga baƙo mai gaskiya da bai bar ko gidansu ba.

Sai ya ƙara ta takwas, ita ce Isra'ila, wato su da ke tsaye a gabansa. Mai duba taswira zai ga cewa tun farko kewaye su yake yi, arewa, yamma, kudu, gabas, kamar mai zarge igiya, kuma da hannunsu suka taya shi ja, domin duk wanda ya amsa hukuncin ƙasashe bakwai ba shi da bakin musa ma'aunin idan aka ɗora shi a kai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin laifin. Na maƙwabta laifuffukan yaƙi ne, masu sa tsigar jiki tashi. Na Isra'ila kuwa na ranar kasuwa ne: an sayar da matalauci saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba, an karɓi rigar mutum jingina an shimfiɗa ta a wurin ibada an kwanta, an sha ruwan inabi da kuɗin tara, an juya shari'a a ƙofar gari inda dattawa ke zama. Zubin ya ajiye mai tauye awo a sahu ɗaya da mai farke ciki, bai nemi afuwar kowa ba. Wannan daidaitawa ita ce jigon littafin gaba ɗaya, kuma tsari ne ya faɗe ta kafin kalma ta faɗa.

Na jarraba wannan a kan mutumin da ya fi kowa sanin awo a gidanmu. Baffana ya shekara arba'in yana sayar da hatsi, tun daga Kurmi har ya koma Dawanau. Wani dare a zaure, ban gaya masa sunan littafin ba, na ba shi labarin babi na takwas da bakina: 'yan kasuwar da ke ƙagara ranar hutun ibada ta wuce su buɗe rumfa, su rage mudu, su ƙara nauyin abin da ake auna kuɗi da shi, su haɗa da sharar hatsi su sayar.

Ya ce, “Ɗan boko, wane malami ne wannan? Ya zauna a Dawanau?”

Na ce, “Baffa, ya rigayi Dawanau da kusan shekara dubu uku.”

Ya yi dariya, ya ce ai ya san masu duba agogo tun liman bai sauko daga mumbari ba, ya san kwanon da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, ya san buhun da aka yi wa ado da gero mai kyau a baki, tsakuwa a ƙasa. Sannan ya ce wannan duk yana cikin Suratul Muɗaffifin. Da na gaya masa inda na samo, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya gyara zaman hularsa, ya ce, “To, su ma sun sani ke nan.” Ban taɓa jin sharhi mai gajarta da nauyin wannan ba a aji. Amma na lura da abu guda: duk misalan da Baffa ya kawo, na rumfunan maƙwabta ne. A ƙasa ta bakwai ya tsaya, kamar kowa.

Adabinmu yana da wannan tsani, kuma mun san wanda ya taka matakinsa na ƙarshe. *Kitabul Farƙi*, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu, ya jera zaluncin sarakunan Haɓe: jangali, gaisuwa, tawasa, kamuwa, cin hancin alƙalai. Rubutu ne mai kaifi, amma a kan wasu aka yi shi, mabiya na iya karanta shi suna jin daɗi. Na takwas ɗin sai a wajen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ne ya dubi jama'arsa bayan nasara ta fara samuwa, ya ga sun karkata ga dawaki da ƙwaraƙwarai da manyan riguna, ya bar su wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, ya yada zango a nan Kano, inda ya rubuta *Diya'ul Hukkami*. Kukan da ya yi da mutanensa yana cikin *Tazyinul Waraƙati*. Ana yawan ambaton *Farƙi* a taron siyasa. Waƙar Abdullahi kuwa sai a ɗakin jarrabawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne.

Ayar da ta fi kowace shahara a Amos tana babi na biyar. Can ne aka nuna Ubangiji yana ƙyamar bukukuwan mutanen, yana kau da kai daga hadayunsu, yana toshe kunne daga waƙoƙinsu na ibada, sannan ya nemi abu guda a madadinsu, aka kamanta shi da ruwa mai gudu. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita tana nufin rafin da ba ya ƙafewa, a ƙasar da yawancin rafuka na damina ne. A nan Bahaushe ya fi Bature kusa da ma'anar. Mutumin Ingila bai san kogin da ke mutuwa ba. Mu kuwa mun san rafin da ke cin gada a watan Agusta, a watan Maris yara na buga ƙwallo a cikinsa, mata na tonon yashi da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsatso. Saboda haka mun san adalcin damina: buhunan shinkafar azumi da ake rabawa gaban kyamara, atamfar lokacin zaɓe, kyautar Kirsimeti ga gidan marayu da ba a sake leƙawa sai baɗi. Amos bai zargi mutanensa da rowa ba, don littafin ya nuna masu yawan hadaya ne, masu son a yi shelarta. Zarginsa shi ne ruwan nasu yana da lokaci.

Wannan aya ce Kiristoci masu neman gyara suka riƙe. Martin Luther King ya kawo ta a jawabinsa na Washington a watan Agustan 1963, abin da kowa ya sani. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ya riga ya kawo ta a watan Afrilun shekarar, cikin wasiƙar da ya rubuto daga kurkukun Birmingham, kuma wasiƙar nan ba ga 'yan sanda ko masu ƙona gidajen baƙaƙe ya aika ta ba. Amsa ce ga malaman addini takwas, fararen fata masu sassaucin ra'ayi, waɗanda suka ce ya yi haƙuri, lokaci bai yi ba. Haka Gustavo Gutiérrez na ƙasar Peru, wanda littafinsa na 1971 ya kafa abin da ake kira tauhidin 'yantarwa, da ikilisiyarsa ta Katolika ya fara, wadda ta daɗe tana cin tuwo da masu manyan gonaki. Takardar Kairos da malaman kirista suka fitar a Afirka ta Kudu a 1985 ta soki gwamnatin wariya, amma babinta mafi zafi a kan majami'un da ke wa'azin sulhu ba tare da adalci ba yake. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace a auna duk wani karatu da ke kiran kansa na ci gaba: ya isa ƙasa ta takwas, ko ya sauka a hanya? Waɗannan uku sun isa. Masu manna ayar a jikin riga da allon zanga-zanga, galibinsu kogin suka ɗauka suka bar zakin da littafin ya buɗe da rurinsa.

A ƙasarmu lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma misalin da ya nuna mini shi ne na Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato. A saƙonsa na Kirsimetin 2020, mako biyu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, ya zargi gwamnatin Shugaba Buhari da fifita nata wajen rabon muƙamai, ya kuma nuna cewa Arewar da ake cewa an fifita ita ta fi kowa zubar da jini. Cikin watan Janairun 2021 wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar garin, har sai da fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce yana da 'yancin zama. Duk wanda ya karanta babi na bakwai zai ji kamar ya taɓa ganin wannan wasa. Can Amaziya, firist na Betel, ya aika wa sarki cewa ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganganun Amos ba, sannan ya ce masa ya koma Yahuza ya ci abincinsa a can, domin nan wurin ibadar sarki ne.

Kamar ta yi kama, amma ba ta cika ba, kuma inda ta gaza nan ne darasin tarke yake. Amos da masu sauraronsa Ubangiji ɗaya suke kira da suna ɗaya, taro ɗaya ne a gabansa. Mai wa'azi a Nijeriya taro biyu yake da shi ko da a ɗaki ɗaya ya tsaya. Maganar da Kukah ya yi, a kunnen mabiyansa babi na ɗaya ce, ana lissafa laifin Dimashƙu suna kaɗa kai. A kunnen Musulmin Sakkwato kuwa hari ne daga waje, saboda haka ba ta zame musu ƙasa ta takwas ba, tunda tarkon ba ya kama wanda bai fara amsa amshi ba. Gaskiyar da ke cikin saƙon ta faɗi a tsakanin taro biyu, waɗancan suka yi tafi, waɗannan suka yi fushi, ba wanda ya ji kunya. Amos kuwa kunya yake nema. Ban ɗora wa bishop laifin wannan shi kaɗai ba. Haka take faruwa ga limamin da ya soki gwamnan da ba addininsu ɗaya ba.

Na yi wannan magana da mai littafin, na ce masa ina ganin Kiristan Arewa ya fi son Amos na babi na ɗaya. Bai musa ba. Ya ce in tuna watan Oktoban 1991 a Kano, da watan Mayun 2004, lokacin da iyayensa suka kwana a bariki alhali ba su da wani gari da ya wuce wannan. Ya ce sau uku yana zuwa wani ofishi neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ana duban sunansa na baftisma ana tambayarsa ainihin garinsu, shi da kakanninsa suka riga ganuwa zama a ƙasar Kano. Ya ce wanda ake taka wa wuya, a bar shi ya karanta laifin mai takawar tukuna. Ban sami amsa ba, har yanzu ma ba ni da cikakkiya. Abin da na iya cewa shi ne, littafin da kansa bai ba da wannan rangwame ba. Isra'ila ma an zalunce ta, Gileyad da aka sussuke yankinta ne, amma hakan bai fitar da ita daga lissafi ba. Sai ya yi murmushi ya ce akwai masu wa'azi a Sabon Gari da ke karɓar zakkar gwauruwa su sayi mota, kuma bai taɓa jin an buɗe Amos a gabansu ba. Ko Miller, wanda ya shafe shekaru yana kai ƙarar sarakuna wajen Turawa, sai a 1947, da tsufa, ya fitar da littafi mai tambayar ko su Turawan ne suka gaza a Nijeriya.

Kada a ɗauka na sallama wa Amos komai. Akwai wurare uku da na yi tuntuɓe. A babi na huɗu ya yi wa matan Samariya dabbantarwa, ya kira su shanun Bashan masu ƙiba, masu aiken mazajensu su kawo abin sha. Zambo ne mai kama jiki, amma tsohuwar dabara ce ta ɗora wa mace alhakin abin da namiji ya sata, irin wadda waƙoƙinmu na wa'azi ma ba su tsira daga gare ta ba. Na biyu ya fi nauyi. Hukuncin da ya yi alkawari, wato yaƙi da bauta, ba ya tantance mai gadon hauren giwa da wanda aka sayar a kuɗin takalmi. Lokacin da Assuriya ta ci Samariya a shekara ta 722, talakan da littafin ke kuka dominsa yana cikin waɗanda aka kora. Har Amaziya, da aka tashi mayar masa da martani, matarsa da 'ya'yansa aka haɗa a cikin la'anar. Masu karatun gyara sukan tsallake waɗannan ayoyi da sauri, kuma ina ganin tsallakewar rashin gaskiya ce ga rubutun. Na uku shi ne rufewar littafin, inda bayan babi takwas da rabi na wuta sai ga gonakin inabi da alkawarin komowa. Masana da yawa suna ganin wani hannu ne ya ƙara daga baya. Kunnena ya yarda da su, don muryar ta sauya kamar an canza makaɗi a tsakiyar waƙa.

Abin da ya hana ni ajiye littafin duk da haka yana cikin babi na tara, kafin wannan rufewa. Can aka gaya wa Isra'ila cewa ba ta fi Kushawa ba a wurin Ubangiji, wato baƙaƙen mutanen kudancin Masar, kuma wanda ya fito da ita daga Masar shi ne ya fito da Filistiyawa da Suriyawa daga nasu wuraren. A wani wurin an ce zaɓen da aka yi mata shi ne dalilin da za a fi tsananta mata bincike. Ko laifin Mowab da aka ambata a farko, a kan Edom ta aikata shi, abokiyar gabar Isra'ila, amma aka rubuta shi a lissafi. Ma'aunin bai san dangi ba.

A nan ne igiyar ta zarge ni. Ina tsakiyar rubuta wannan maƙala, ina jin daɗin yadda na kama Baffa, na kama bishop, na kama abokina, sai na tuna da Malam Ibrahim. Riwayar mutanen da ake kira Isawa ta ce malami ne a birnin nan, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da malaman fada ba su yarda da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wajen 1867. Almajiransa suka watse zuwa ƙasar Ningi da iyakar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Miller, aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya cinye da yawansu, ragowar suka ƙarasa Wusasa. Daga wannan jama'a aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Wusasar nan kuma ita ta ba mu John Tafida, wanda muke nazarin *Jiki Magayi* nasa da Rupert East tun muna sakandare, ba mu taɓa tambayar inda yake ibada ba.

Daga ƙofar gidanmu zuwa Kurmi tafiyar ƙafa ce. Na bi ta cikinta sau ɗaruruwa, an aike ni sayen kanwa, sayen turare, sayen allo. Na san sunan Wangarawan da suka zo da littafi aka karɓe su, ina alfahari da su har na buɗe maƙala da su. Labarin wanda ya karanta littafi aka kashe shi a kasuwarmu kuwa, a rubutun wani Bature na fara gamuwa da shi, ina shekara ta uku a jami'a. Ba hukuncin aƙidarsa nake yi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya dame ni shi ne shirun, da kuma baƙar ledar da na ƙunshe littafin abokina a ciki, wadda ta nuna cewa jikina ya san labarin tun kafin kaina ya sani.

Ranar da zan mayar da littafin, Baffa ya gan ni da shi a hannu a bakin zaure, ba leda. Ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, “Mutumin nan naka na awo, da liman ya kore shi, ya tafi?”

Na ce, “Baffa, littafin bai faɗa ba.”

Ya ce, “Kuma sarkin bai kira shi ba?”

Na ce ko sau ɗaya sarkin bai yi magana a ciki ba.

Ya jinjina kai, ya ɗauki butarsa. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce in na dawo in biya ta Kurmi in sayo masa sabon kwano, na rumfar ya tsufa.